Ƙahon da Yelwa Ta Hana

Ranar da aka kawo Falalu asibiti daga masaƙar Bompai, ƙafarsa ta kumbura suntum, amma bakinsa lafiya lau.

"Malama nas, in ke ce mai allurar, a ƙara mini kwana," ya ce.

Yelwa ta harare shi, ta juya tana dariya. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, aka ɗora shi kan allurar hefarin mai tsinka jini. Kafin kwana biyar har ya soma tura mata 'yar takarda: "Yelwata, ƙafa ta yi sauƙi, saura ni. Naki, Falalu."

Sai ga mahaifinsa, Malam Isyaku wanzami, da zabirarsa, wai zai yi masa ƙaho ya zuƙe mataccen jini. Yelwa ta tare gado.

"Baba, ku yi haƙuri. Mai wannan allura ko ƙwarzane ba a so ya yi. In kuka tsaga shi, jinin ba zai tsaya ba."

"Shekara talatin ina ƙaho, 'yar cikina ce za ta koya mini jini?" Ya kaɗe riga. "Falalu, ina sane da take-takenku. Wannan ba za ta shigo gidana ba."

Kai, takaici ya ishi Yelwa! Tsoho ya ƙi ji, shi kuma gogan naka ya yi tsit kamar ruwa ya cinye shi. Ta daina karɓar takardunsa.

Washegari tsohon ya dawo, ya ce ai aski ba ƙaho ba ne, ya hau yi wa Falalu aski. Yelwa na ɗakin magani aska ta ɗan kama bayan kunne. Yankan bai kai ƙwayar gero ba, amma jini ya jiƙe tsumma biyu.

"'Yata, zo!" tsohon ya ƙwala wa Yelwa kira.

Ta danne wurin da auduga, ta aika a kira likita. Da ƙyar jinin ya tsaya.

"Na yi shiru jiya, ki yafe mini," in ji Falalu.

"Warke tukuna, mu yi shari'a."

Tsohon ya dubi tsumman nan ya ce, "Da ƙahon na yi fa?"

Bayan Babbar Salla, tsohon da kansa ya ja 'yan'uwansa zuwa gidan su Yelwa a Nassarawa, nema wa Falalu aurenta. Ranar da aka kawo amarya, ta durƙusa gabansa, ya dube ta.

"Allah Ya yi miki albarka, Yelwa. Da hannuna na so in kashe ɗana, kika hana."