Ƙanƙara a Matacin Jirgin Efan

Ranar Talata da ƙarfe goma sha ɗaya na safe aka buga wa Sufeto Lomak waya a ofishinsa na Betel. Ƙaramin jirgin da ke kai wasiƙu da marasa lafiya ya faɗo mil tara daga ƙauyen Napartuk. Mutum biyu ne a ciki, ba wanda ya yi rai: matuƙin, Efan, da tsoho Zakar da za a kai asibiti.

Sai ranar Juma'a iska ta bar Sufeto ya sauka ƙauyen. Kafin nan gari ya riga ya yanke hukunci, halin mutanenmu na Alaska in sanyi ya kulle su a ɗaki, ba aikin yi sai baki. Wai Efan ne ya yi gaggawa, bai tsiyaye ruwan tanki ba kafin ya tashi, ya kashe kansa ya kashe tsohon mutane.

A bakin filin jirgi wata tsohuwa ta sha gabansa.

"Kai ne ɗan sandan?"

"Ni ne, Iya."

"Ni ce Anisiya, uwar wanda ake zagi. Gidan Zakar an cika shi da busasshen kifi da masu gaisuwa. Ni kwana uku ko kare bai taka ƙofata ba. Ungo, shinshina."

Ta cusa masa safar hannu ta fata. Babban yatsan yana warin man jirgi.

"Daga hannun gawarsa na cire. Shekara goma sha ɗaya ina wanke masa kaya. Duk ranar da ya tashi sai yatsan nan ya yi wari, don da shi yake danna ƙasan fiffike ya ɗibi mai ya duba. Ban yi makaranta ba, amma hancina bai mutu ba."

"Wa ya ce bai tsiyaye ba?"

"Gusti, mai zuba wa jirage mai. Ɗan ƙanena ne, ni na goya shi." Ta tofar da yawu, ya daskare kafin ta rufe baki. "Ba kuɗi nake so ba. A cire wa ɗana sunan mai kisa kafin a sa shi a ƙasa. Gobe za a binne shi."

Sufeto ya sa safar cikin aljihu. Rana awa huɗu ce ta rage masa, ba ta fi ba.

Ya hau babur ɗin ƙanƙara tare da Torgal, makanikin kamfanin da ke da jirgin. Jirgin yana kife a fili fetal, hancinsa a cikin dusar ƙanƙara.

"Kafin ka tambaya," in ji Torgal, "ni na duba injin nan ranar Asabar, lafiya lau. Kada a ɗora min."

"Ban ɗora ba tukuna. Me farfela ta ce?"

Torgal ya share ta da hannu. "Gefe ɗaya ne ya lanƙwashe, baya ya yi. Ba ta juyawa da ya taɓa ƙasa. Tun a sama injin ya mutu."

Ya kwance matacin mai da ke ƙarƙashin injin. Ya miƙa wa Sufeto. A toshe yake da ƙanƙara, kuma ƙanƙarar ba fara ba ce, ja ce.

"Tsatsa," in ji Torgal.

"Daga tankin jirgin?"

"Tankin nan ba ya tsatsa. Duronmu ma haka. Sabo yake zuwa, shuɗi, da hatimi da lamba."

"Da Efan ya tsiyaye, da bai ga ruwan ba?"

"In yanzun nan aka zuba, ruwan bai kwanta ba, yana yawo cikin mai. Zai ɗiba ya ga mai garau. Ya tashi, sanyin sama ya mai da ruwan ƙanƙara, ta taru a nan. Inji ya fara tari, ƙarfi ya ragu, shi ke nan." Ya dubi jirgin. "Mil tara ya kawo shi. Ya yi ƙoƙari."

Rumbun mai yana manne da ɗakin injin wuta, saboda haka da ɗumi a ciki. Gusti na tsaye a ƙofa, ƙato, yana murmushi. Ya san Sufeto ɗan bakin teku ne, abokin wasansu.

"A'a, mutanen bakin teku! Sun bar ka ka taho ba bargo?"

"Na ji an ce a nan surutu ke ɗumama mutane. Ina duron da ka zuba wa Efan?"

Gusti ya nuna da haɓa. Duro ne baƙi, duk lotsawa, famfon hannu a soke har gindinsa.

"Wannan ba shuɗi ba ne."

"Abin da suka aiko ke nan. Ka san kamfani."

"Ka tace?"

"Haba Yallaɓai. Wa zai zuba man jirgi ba fata?"

Fatar tana rataye a ƙusa kusa da mazurari. Ko tsofaffi mata sun sani, mai yana wuce ta, ruwa ba ya wucewa. Sufeto ya ciro ta. Ta bushe ƙayau, ƙura ta kwanta a kanta. Ya kai hanci. Ba wari.

"Yaushe ka yi aiki da ita?"

"Talata mana."

"Safar mamaci ta riƙe wari kwana uku, fatarka ba ta riƙe ba?"

"Iska ce ta sha shi." Gusti ya yi dariya, dariyar ta yi tsawo. "Ka bar wannan. In an jima ka zo sirace, wankan tururi, mu ga ko kuna da fata a jiki. Sabon murhu na yi. Ranar Lahadi mazan ƙauyen sama suka zo gwada ni, su uku, a guje suka fita tsirara suna birgima cikin ƙanƙara. Shekara biyar suna min dariya wai murhuna ya huje."

"Sabon murhu," in ji Sufeto. "Mu je in gani."

"Ai ban hura ba tukuna."

"Gara haka."

Ɗakin siracen yana bayan gidan Gusti, ɗan ƙarami, sai an sunkuya. Murhun, kamar na kowa, duro ne aka kwantar aka yanke masa baki, aka jera duwatsu a bayansa. Wuta ta cinye fentin sama. Sufeto ya kwanta rub da ciki, ya haska tocila ta ƙasa, inda ƙarfen ya zauna kan yashi.

Shuɗi. Da rabin lamba.

Ya kira Torgal ya leƙa. Torgal ya karanta lambar, ya tashi, ya fita waje ba tare da ya dubi kowa ba.

Mutane sun fara taruwa. Anisiya na gaba.

"Gusti," in ji Sufeto, "man da ke cikin wannan, ina ka juye shi?"

Gusti ya kau da kai. Sufeto ya sake tambaya.

"Tsohon duron nan, a ina yake kafin Lahadi?"

"Bayan gida."

"A kwance ko a tsaye?"

"A tsaye."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ruwa ya daskare." Muryarsa ta koma ta yaro. "Na girgiza shi, ban ji komai ba. Ashe ƙanƙara ce a gindinsa. Duk ƙauyen ba duro mai kauri sai na kamfani, ga baƙi na tafe. Na ce mai ai mai ne, ko a ina yake. Na gangara shi rumbu, ɗumi ya narkar da ita ban sani ba."

"Fatar fa?"

"Da fata sai an yi rabin awa. Zakar na nishi, rana na tafiya. Na ce sau ɗaya dai."

"Efan ya tsiyaye?"

Gusti ya dubi ƙasa. "Fiffike biyun duka. Har ya ɗaga kofin da ya ɗibi man yana tsokanata, wai yau taubashi ya yi abin kirki."

Sufeto ya ciro ankwa.

"Gwaggo," in ji Gusti, "ki yafe..."

"Kada ka kira ni gwaggo. Kuskuren duro, wannan tsakaninka da Allah da hukuma. Amma ka tsaya da bakinka ka ɗora wa gawa. Don maza uku su ce ka fi su jure zafi!" Ta juya ga Sufeto. "Yaro, kada ka sa masa ƙarfen nan tukuna. Hannunsa na da aiki."

Ta shiga gidan Gusti kai tsaye, suka bi ta. A kan teburi akwai rediyon oba-oba irin wanda ke kunne a kowane gida, wanda ake shelar haihuwa da ɓatan kare da shi. Ta fizgo abin maganar ta danƙa masa.

"Danna. Faɗi sunanka, faɗi abin da ka yi, faɗi abin da ɗana ya yi. A hankali, akwai kurame."

Gusti ya dubi Sufeto. Sufeto ya dubi agogonsa, ya jingina da bango.

Ya danna. Sau biyu muryarsa ta karye, sau biyu ta ce, "Sake." Da ya gama, rediyon ya yi ta huci, ba wanda ya amsa daga ko'ina.

Sufeto ya sa masa ankwa ya tasa shi gaba zuwa fili. Suna bakin ƙofa rediyon ya yi ƙara, muryar wata tsohuwa ta fito, matar Zakar ce.

"Anisiya, kina ji? Ƙarfe nawa ne gobe?"

Anisiya ta ɗauki abin maganar.

"Goma. Ku zo da shebur, ƙasar ta yi tauri."