Shatin Hannu a Dokin Ƙofa

Gidan ya haura shekara ɗari, ni ne na biyar da ya saye shi. Na kankare sunan da ke saman ƙofa, ina gaya wa baƙi kakana ne ya gina shi.

Rannan bayan magariba wani dattijo ya yi sallama, yana warin ɗanyen siminti. Ya shafa ginshiƙin baranda, ya ce, "Malam, wa ya gina nan?"

"Kakana, Baba."

"Ashe jikana ne kai. Ban shaida ka ba."

Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai. A simintin dokin ƙofa akwai tsohon shatin hannu mai yatsu huɗu. Dattijon ya durƙusa ya ɗora nasa hannun a ciki. Hannun ya zauna daram, shi ma yatsunsa huɗu ne.