Tagar da Auta Ta Rufe

"Ki bar min tagar nan, Auta!"

"A'a, Inna. Ɗakin ciki za ki koma."

Inna ta damƙe labule da hannu biyu. Tun da annoba ta sa aka kulle gari, autarta, ma'aikaciyar jinya, ta killace ta a saman bene. Abinci a bakin ƙofa, gaisuwa ta bayan takunkumi. Jikoki ma an hana su hawa, wai duk don ana son ta.

"Maƙwabciya ta ce kullum kina surutu ke kaɗai, har da dariya..." in ji Auta.

Ba ita kaɗai take yi ba. A benen tsallaken titi akwai wani tsoho mai gyaran agogo da ya binne matarsa bara. Murya ba ta kaiwa, sai hannu: ya ɗaga kofin shayi, ta ɗaga nata, ya dafa ƙirji, ta harare shi tana mita. Maƙwabciyar ta sani sarai, don ita ma ta daɗe tana yi masa kwalliya a banza. Inna kuwa kunya ta ɗaure mata baki. Wace uwa ce za ta gaya wa 'yarta tana zance?

Aka mayar da ita ɗakin ciki, bango huɗu da ƙwan lantarki.

A nan ciwon ruɗewar da aka laƙaba mata ya same ta da gaske. Ranaku suka cakuɗe mata. Ta kai ta kawo, ta ninke zane ta warware, ta ƙwala wa marigayi mijinta kira. Auta ta auna zafin jikinta ta ga lafiya lau. Na'urar ba ta auna kewa.

Wata safiya aka buga ƙofar gida. Mai Agogo ne, takunkumi a karkace, yana haki.

"Ina tauraruwata? Asibiti kuka kai ta?"

"Baba, ja baya! Wace tauraruwa?"

"Innarki mana, yarinya! Da wa kike zaton take dariya, da sauro?"

Ya gyara takunkuminsa, ya ci gaba.

"Doka ta ce sai 'yan gida ɗaya ke zama tare, ko? To, na zo a mai da ni ɗan gida. A gwada ni, a killace ni, a ɗaura mana aure."

"A shekarunku? Me mutane za su ce?"

"Mutanen duk suna kulle."

Sai ga motsi a matakala. Inna ce, dafe da bango, ɗankwali na zamewa. Ta daɗe tana kallonsa. Auta ta zuba mata ido, don jiya ko ita Autar ma Inna ba ta gane ta ba.

"Ashe gajere ne kai," in ji Inna.

"Ke kuma ashe haka muryarki take, masoyiya..."

Ta harare shi, ta gyara ɗankwali.

"Auta, ba shi kujera can nesa. Sannan ki kira kawunki, ki ce masa an zo neman aurena."