Fuskar Mai Yatsun Wuta

"Cire shi."

Abin da na fara ce wa Faruku ke nan da na shiga shagonsa na gyaran telefon a bakin kasuwar Magariya. Ko sallama ban yi ba. Yana sunkuye kan wata telefon da ya buɗe cikinta, ya ɗago da murmushi, murmushin ya mutu da ya ga idona.

"Sheri, masoyiyata, zauna tukuna..."

"Ba zama ya kawo ni ba. Bidiyon da ka sa jiya, cire shi yanzu a gabana."

"Wallahi tun da safe na cire. Sai dai mutane sun riga sun kwashe."

"Sun kwashe," na maimaita. "Har garinmu Guci ya kai, Faruku. Har hannun babana."

Ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa a hankali.

Ni tela ce. A ateliyen Gwaggo Saude, ƙanwar babana, nake ɗinki tun da na bar Guci na dawo wurinta. A telefon na fara ganin mutanen wasu ƙasashe suna wasa da safar hannu mai fitilu a kan yatsu, a wuraren kiɗa. Na kalla har abin ya shiga raina. Na ɗinka farar safa da hannuna, na kai wa Faruku ya dasa mini ƙananan ƙwayayen fitila a kowane yatsa, da pil, wato batir, a wuyan hannu. A nan muka saba. A nan ya fara ce mini yatsuna sun fi bakina surutu, ni kuma na fara ƙirƙiro gyaran da safar ba ta buƙata don kawai in koma shagon.

Duk lokacin da matasa suka shirya fet, wato bikin kiɗa da rawa, a babban zauren da suke haya, bayan magariba a kan kashe fitilu, kiɗan inji ya riƙa dukan ƙirji. Sai in fito cikin baƙaƙen kaya, fuskata a rufe ruf. Ba a ganin komai sai yatsu goma, ja da kore da shuɗi. In buɗe su kamar furen kabewa, in naɗe su su zama zobe, in sake su su zubo kamar ruwan indararo. Zauren ya ɗauki sowa. Suna ce mini Mai Yatsun Wuta, wasu na rantsuwa wani saurayi ne daga Kano. Gwaggo ta sani, Faruku ya sani. Shi kuwa har da dafa ƙirji ya yi mini alkawari ba wanda zai ga fuskata ta dalilinsa.

Ga shi danginsa sun riga sun kai goron neman aurena Guci. Bayan girbi aka ce za a sa rana.

"Ki saurare ni, Ruma," ya ce. "Yaron nan Kamalu ne ya jawo. Yana yawo gari yana cewa shi ne Mai Yatsun Wuta, 'yan mata na binsa, har hoto ake ɗauka da shi. Jiya a gabana ya faɗa. Raina ya ɓaci. Wahalarki ce fa, ke kika..."

"Wahalata ce, to ina ruwanka? Na kawo maka ƙara?"

"Don ke na yi."

"Don kanka ka yi. So kake a ce budurwar Faruku ce. Wannan bidiyon da na ɗage mayafi ina dariya, kai kaɗai na yi wa dariyar nan. Kai kaɗai. Ka ɗauka ka watsa wa duniya kamar tsabar kaji."

"Masoyiyata, ki yafe..."

"Kar ka sake kirana da wannan sunan yau."

Na fice. Ina ji yana kirana har na sha kwana, ban waiwaya ba.

A gida na tarar Gwaggo ta riga ta ɗaure mini kaya a zane. Idanunta sun yi ja.

"Yaya ya sake bugowa," ta ce. "Ya ce in rana ta faɗi ba ki cikin gidansa, ni da shi sai a lahira. Ni ya fi zagi, 'yar nan. Wai ya ba ni amana na kai ta dandali."

"Gwaggo, ki yafe mini."

"Ni ba haushinki nake ji ba. Wancan mai bakin kwando nake jira in gani." Ta tura safar cikin ƙullin kayan. "Tafi da abarki. Kar ki je kamar ɓarauniya."

A motar Guci na ga wasu samari biyu suna kallon telefon, suna satar kallona. Na ja mayafi na juya fuskata waje, ina kallon gero ya yi kai yana kaɗawa. Haƙorana har ciwo suke don cizo.

Baba na zaune ƙofar gida kan buzu, shanu sun dawo ana ɗaure su a turke. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba. Sai da muka shiga ciki, Inna na tsaye bakin madafa ta kasa ko yi mini sannu da zuwa, sannan ya buɗe baki.

"A kara, Ruma'isa, tsakiyar kasuwar shanu. Ina tsaye cikin sa'o'ina, wani ya miƙo mini telefon, ya ce, Malam Wakili, wannan ba 'yarka ba ce? Na ce ba ita ba ce, 'yata tana Magariya tana ɗinki. Har rantsuwa na kusa yi. Sai ga fuskarki."

"Baba, ba rawa nake ba. Hannu ne kawai..."

"Rufe mini baki. Hannun na wa ne? Ba jinina ba ne? Cikin maza, cikin duhu, cikin kiɗa?"

"A rufe nake fita, Gwaggo ke raka ni, ba wanda ya taɓa..."

"In abin kirki ne me ya sa kika ɓoye mini?"

Na sunkuyar da kai. Na ɓoye ne don na san zai hana, kuma ban shirya a hana ni ba.

"Ɗinkin ma an gama," ya ce. "Nan za ki zauna. Maganar yaron nan kuwa, sai na yi tunani."

Haka na zauna. Na yi daka, na yi tatsa, na kai fura gona. Matan unguwa suka riƙa shigowa aron wuta da ba su buƙata, don su gan ni. Wata har da karkaɗa yatsu a bakin rijiya, sauran suka kwashe da dariya. Na ajiye guga na dube ta har ta sauke hannun. Faruku ya yi ta bugowa, ban ɗauka ba. Amma duk lokacin da telefon ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in tsani kaina don ina son jin muryarsa.

"Kina kewarsa," Inna ta ce wata rana muna sussuka.

"Haushinsa nake ji."

"Ai su biyun gado ɗaya suke kwana." Ta ci gaba da aikinta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji ƙarar moto mai ƙafa biyu a ƙofar gida. Faruku ne, da kawunsa Malam Husaini. Baba ya shigar da su zaure. Na kai ruwa na ajiye ban ɗaga kai ba, amma na ga ya rame, rigar ta yi masa yawa. Zuciyata ta yi laushi, ba zan ɓoye ba. Na fito na laɓe bayan zana.

Kawun ya yi doguwar magana, ya ba da haƙuri, ya ce kuskuren yaro ne. Baba ya ce ya ji. Sannan ya juya ga Faruku.

"Kai ne ka ɗauki hoton?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka watsa?"

"Ni ne. Laifina ne gaba ɗaya, ita ba ta sani ba."

Na lumshe ido. Na ce a raina, to, ko ba komai ya tsaya kamar namiji. Da a nan ya yi shiru, da yau labarin ba haka yake ba.

"Kuma Baba," ya ci gaba, "na yi maka alkawari abin nan ya ƙare. Ni na haɗa mata safar, ni na ja ta ciki. A kawo ta yanzu in ƙona a gabanka. In ta shiga gidana, ko ƙofar fet ba za ta sake gani ba. Ni zan tsaya a kan haka."

Ban san lokacin da na ture zanar ba. Ban taɓa shiga zauren Baba da baƙi a ciki ba sai da aike. Ran nan na shiga.

"Kai ka ja ni?"

"Ruma'isa, fita," Baba ya ce.

"Baba, ka gafarce ni, ka dake ni bayan na gama. Kawu, ka yi haƙuri." Na juya ga Faruku. "Kai ka ja ni? Ni na ɗinka safar nan. Ni na koya wa yatsuna har suka kumbura. Wayoyi kawai ka haɗa. Yaushe muka yi da kai za a ƙona?"

"Ruma, don a daidaita ne..." Ya rage murya, kamar Baba ba zai ji ba. "Ki bari a wuce wurin nan tukuna, daga baya ma yi magana."

"Au. Wato ko Baban ma yaudararsa kake yi?"

Na ci gaba.

"Ran nan ranka ya ɓaci, ka ba da fuskata ba ka tambaye ni ba. Yau kana tsoro, ka ba da hannuwana ba ka tambaye ni ba. Gobe in wani abu ya matse ka, me za ka bayar? Ba a ma ɗaura ba, Faruku. Ba a ɗaura ba kana kyauta da ni."

"Ina sonki, Allah ya sani."

"Na sani. Da ba ka sona ai da sauƙi."

Hawaye suka zubo mini, na share da ƙarfi don ban so ya gani. Malam Husaini ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baba ya daɗe yana duban Faruku, sannan ya ce, "Malam Husaini, ku je. Za ku ji daga gare ni."

Faruku ya tsaya a bakin zaure yana jira in dube shi. Na ba shi baya. Na ji motonsu ta tashi, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Na durƙusa ina jiran hukunci. Baba ya gyara zama.

"Kin kunyata ni gaban baƙo."

"Na sani, Baba."

"Ba a gidana kika koyi wannan ba." Ya miƙo hannu. "Ɗauko mini abin."

Na ɗauko safar. Ya karɓa ya jujjuya, ya duba ɗinkin ta ciki kamar yadda yake duba haƙorin saniya. Babban yatsansa ya taɓa maɓallin, fitilun suka kama, ya ɗan zabura. Ya rasa yadda ake kashewa, sai ya jefo mini a cinya.

"Ni ban ce a ƙona ba. Shi ya faɗa," ya ce. "Kar ki ɗauka na yarda. Ban yarda ba, kuma muddin ina numfashi ban ga ranar da zan yarda ki koma dandalin nan ba. Amma wannan faɗana ne da ke. Za mu yi shi, ni da 'yata. Ba wani ne zai zo zaurena ya sayi yardata da kayanki ba."

Na kashe fitilun.

"Bayan girbi ki koma wurin Saude ki kama ɗinkinki. Abin da za ki yi, ki fara zuwa ki faɗa mini a fuskata, ko da zan ƙi. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Yaron nan fa? Kina son shi?"

"Ina son shi," na ce. "Sosai nake son shi, Baba."

"To a bar goron, ko a mayar?"

Ban taɓa zaton zai tambaye ni ba. Na tuna dariyar Faruku, da yadda yake ajiye mini ƙosai mai zafi a takarda in zan biyo ta shagonsa. Na tuna ramar da na gani a wuyansa ɗazu. Duk na tuna, amma zafin da ke ƙirjina bai sauka ba.

"A mayar," na ce.

Baba ya gyaɗa kai, ya tashi ya ɗauki sandarsa ya nufi garke.

Sai da ya fita kukan ya ƙwace mini. Inna ta shigo, ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta ce na yi daidai ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ja kaina ta ɗora a cinyarta.

"Yi abinki," ta ce. "Tuwon ya jira."