Katin da Ya Shigar da Gwaggo Sieni

"Mama, ni fa tsoro nake ji."

Sai da suka fito daga wurin binciken kaya a filin jirgin saman Sydney sannan Lemeki ya iya furta abin da ke damunsa tun tashinsu daga Samoa. Mahaifiyarsa Matalena ta gyara naɗaɗɗiyar tabarmar da ta rungume a ƙirji, ba ta ko dube shi ba.

"Tsoron me? Jirgi ya sauka lafiya, ma'aikata sun jujjuya tabarmar sun ba mu abarmu."

"Tsoron kada mu makara. Tsoron kada in rasa Salafai."

"Malamin makaranta guda, da diflomarsa, yana rawar murya kamar ɗan akuyar da ruwa ya doka. Ja akwati mu tafi."

Bai yi dariya ba. Ƙaninsa Toma, wanda ya zo aikin mayanka a ƙasar nan, shi ya jawo musu wannan tafiya. Ya karɓi tuƙin motar gidan su Salafai, ya kwashi gudu, ya kifar da ita. Da ya ga jini sai tsoro ya kama shi, ya tsere, ya bar Alapati wan Salafai a ciki da karyayyen ƙugu. Tun daga ranar mahaifinta Pelenato ya ce a mayar wa Lemeki da zoben alkawari, ya kuma yanka mata tikitin Auckland na yammacin yau.

Hanya ɗaya ta rage musu, ita ce ifoga: su durƙusa a ƙofar gidan Pelenato, lulluɓe da tabarmar girma, ko rana ko ruwa, har sai wani daga gidan ya ɗaga ta. In an ɗaga, an yafe ke nan, ba mai sake tono maganar.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka.

"Meki... kun sauka?" Muryar Salafai ta dishe don kuka.

"Mun sauka, hasken idona. Kina ina?"

"Ina tashar Campbelltown. Baba ya aiko ni in taryi Gwaggo Sieni. Ta hana kowa zuwa filin jirgi, wai ta san hanya. Ka gan ta?"

"Jirgi ɗaya muka shigo. Mama ta gaishe ta, ta kau da kai."

"To ka saurare ni da kyau. Baba in shi kaɗai ne, zuciyarsa na da taushi. In ya gan ku a ƙarƙashin tabarma zai ɗaga. Amma in Gwaggo ta riga ku shiga gidan ta buɗe baki..."

Ba sai ta ƙarasa ba. A al'adarsu namiji ba ya tsallake maganar yayarsa, kuma kowa ya san abin da Sieni ta zo faɗa.

"Ka tuna abin da na gaya maka kan katin shiga jirgin ƙasa?"

"Na haddace. Kowa da nasa. A ɗora a shiga, a ɗora a fita."

"Kada ka tsaya komai, masoyina. Akwatina a ɗaure yake a bakin ƙofa."

Suka gangara ƙarƙashin ƙasa inda tashar jirgin ƙasa take. Da yake sun fito da wuri, mutum biyu kawai suka tarar a gaban kanta. Lemeki ya nemi kati biyu, aka zuba musu kuɗi, ya tambayi matar kanta ko abin da ke ciki zai kai su Campbelltown. Ta ce zai kai. Ya sake tambaya. Ta sake cewa zai kai.

Matalena ta juya katin gaba da baya.

"Wato tun ba a kai ka ba za ka biya? A gida sai bas ta sauke ka lafiya sannan ka miƙa wa direba. In wannan ya lalace a hanya fa?"

"Mama, don Allah. Ki dubi yadda zan yi. Ki ɗora shi a nan, ƙofar ta buɗe, ki wuce. Sau ɗaya kawai. Ba ni tabarmar, kada ta maƙale."

A nan ya hango ta. Gwaggo Sieni na tsaye a gaban ɗaya daga cikin ƙofofin, da farar rigarta ta coci da jakar hannu, tana danna wani tsohon kati da ta ajiye tun zuwanta na shekarun baya. Na'urar ta yi ƙara, ta nuna ja. Ta goge katin a rigarta ta sake dannawa. Ja. Masu sauri suna ta kewaye ta kamar ginshiƙi, ita kuwa ta miƙe wuya, ta ƙi duban kowa.

Allon da ke sama ya nuna jirginsu ya kusa. A bayansu kuma fasinjojin wani babban jirgi sun ɓarko, layin kanta ya miƙe har gindin matakala.

In ta bi wannan layin, sun riga ta ke nan.

"Mama, Allah ya dube mu," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zo ta wannan ƙofar, kada ki kalli can."

Ya ɗora katinsa, ƙofa ta buɗe, ya wuce da tabarma da akwati. Ya juyo yana miƙa hannu.

Ba ta bayansa.

Tana can kusa da Sieni, ta ɗan rusuna kamar yadda ake yi wa babba.

"Yaya, bismilla, wuce."

Ta ɗora katinta. Ƙofa ta buɗe. Sieni ta dubi ƙofar, ta dubi Matalena, sannan ta ratsa, ta nufi matakala mai gangarawa.

Matalena ta sake ɗora katin don kanta. Ja.

"Mama, me kika yi?"

"Na biya mata. Yanzu zan biya nawa." Ta sake ɗorawa. Ja.

"Na gaya miki kowa da nasa! Katin ya riga ya shiga, a wurinsa kina ciki. Ba zai sake buɗewa ba."

"Wane irin abu ne wannan da ba za ka biya wa babba mota ba?"

"Babba? Matar da ta zo raba ni da Salafai?"

"Ko yanka ni ta zo yi, ba zan wuce sa'ar yayata tana tsaye ana kallonta ba. A ƙauyenmu wa ya taɓa zama a bas tsohuwa na tsaye? Ni na haife ka, ka san wannan."

Wata iska mai ɗumi ta taso daga ƙasa, da ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe. Jirgin na shigowa. Wayarsa ta sake ruri.

"Meki, kun shiga?"

"Gwaggo ta shiga. Ni ina ciki da tabarma. Mama tana waje, sai an sayi wani katin."

Kuka ya ƙwace mata.

"To ka taho kai kaɗai... ka sauka da gudu ka riga ta, ni zan riƙe ta da surutu a tasha. Mama ta biyo na baya."

"Ba ta jin Turanci, Salafai. Ba ta da waya. Ko sunan tashar ba ta iya faɗa."

"Ni fa? Ni wa zai tsaya mini? Yau za a sa ni a jirgi, Meki. Kai ne ka ce ko teku za ka ratsa..."

Matalena ta kama ƙarfen ƙofar, idanunta sun ciko.

"Je ka, ɗana. Ni na ɓata, ni zan gyara. Zan zauna a nan har ka dawo, ba inda za ni."

Ya dubi matakala. Ya dubi mahaifiyarsa, 'yar ƙaramar mace da silifa, wadda ta sayar da aladunta duka don tikitin nan, tana tsaye a tsakiyar baƙin fuskoki. A ƙasa ana busa usur.

"Ki yafe mini, abar ƙaunata," ya ce cikin waya. "Ba zan iya barin ta ba."

Ya ɗora katinsa a ƙofar fita, ya dawo waje. A ƙarƙashin ƙafafunsu jirgin ya tashi, ƙararsa ta yi nisa har ta ɓace.

Layin ya yi ta jan ciki. Ya kira Salafai, ba ta ɗauka ba. Ya sake kira, wayar a kashe. Da ya isa gaban kanta, matar ta gane shi, ta yi murmushi ta ce wannan ma zai kai Campbelltown. Bai iya mayar mata da murmushin ba.

Suka shiga, kowa da katinsa. Yana gangarawa yana tunanin abin da zai tarar: ƙofa a rufe, zobe a cikin ambulan.

A kan benci na farko, Gwaggo Sieni na zaune, jakarta a cinya.

Lemeki ya tsaya cak.

"Me kake kallo? Fatalwa ka gani?" ta ce. "Kada ku ɗauka don ku na zauna. Wannan abin, yadda aka shiga da shi haka ake fita da shi. Katin da ya shigo da ni yana hannun uwarka. So kuke a kama ni a can kamar ɓarauniya?"

Matalena ta yi saurin miƙa mata da hannu biyu.

"Riƙe abinki. Ba na karɓar komai daga gidanku tukuna."

Wani jirgin ya zo. Lemeki ya ɗauki jakarta ba tare da ya tambaya ba, ita ma ba ta hana ba. Suka sami kujeru suna fuskantar juna. Gidaje masu jan rufi suka riƙa wucewa ta taga, har sai da Sieni ta kafa masa ido.

"Kai ne malamin?"

"Ni ne, Gwaggo."

"Ka gan ni a tsaye a ƙofa."

"Na gan ki."

"Ka wuce."

"Na wuce." Ya sunkuyar da kai. "Na so in riga ki zuwa."

"Ko ƙarya ba ka iya ba. Me yarinyar nan ta gani a jikinka?" Ta juya wurin Matalena. "Ke kuma, kin san abin da na zo faɗa, kika buɗe mini ƙofa. Wauta ce ko dabara?"

"Ban yi tunanin ko ɗaya ba, Yaya. Na gan ki a tsaye ne kawai."

Sieni ta yi tsaki a hankali. Ta miƙa hannu ta taɓa jajayen gashin tsuntsun da ke bakin tabarmar.

"Saƙar wa?"

"Ta kakar mijina. Ita muka ajiye don ranar auren Lemeki."

"Alapati a hannuna ya girma," in ji Sieni, muryarta ta sauya. "Ba karayar ce ta hana ni barci ba, mota kowa tana iya kifewa da shi. Gudun ne. An bar mini yaro a cikin ƙarfe yana kiran suna. Na ce jinin gidan nan jinin gudu ne, ranar da wuya ta zo haka za a bar Salafai."

Hawaye suka zubo wa Matalena, ba ta share ba.

"Ina kan matakala ina jin ka da yarinyar a waya," Sieni ta ci gaba. "Duk tashar ta ji ka. Na tsaya in ga ta inda za ka bi."

Lemeki ya buɗe baki.

"Rufe. Ban ce komai ba tukuna."

Duk tashar da jirgin ya tsaya, sai Lemeki ya leƙa sunanta ta taga.

A Campbelltown, Salafai na tsaye a bayan ƙofofin fita, idanunta sun kumbura. Da ta ga su ukun tare, sai ta dafe baki. Lemeki ya ɗora katinsa ya fita, ya tsaya nesa da ita kaɗan, don ba shi da ikon matsawa. Matalena ta ɗora katinta na farko ta buɗe wa Sieni, sannan ta fito da sabon.

Salafai ta durƙusa.

"Gwaggo, sannu da zuwa. Gwaggo, don Allah..."

"Tashi, kina tara mana mutane. Ina ubanki?"

"Yana gida, yana jiran ki."

Sieni ta miƙa hannu wurin Matalena.

"Kawo katin nan. Yanzu na karɓa."

Ta jefa shi cikin jakarta, ta gyara wuyan rigarta, sannan ta ɗaga murya yadda har mai gadin tasha ya waiwayo.

"Ki wuce gaba ki gaya wa Pelenato ya kwance akwatinki, babu inda za ki. Waɗannan za su durƙusa a ƙofar gidansa, a kira wancan matsoracin Toma ya zo ya durƙusa tare da su, rana ta gasa su, don Alapati ba a banza ya karye ba. Amma kada kowa ya taɓa tabarmar nan. Ni zan ɗaga ta, da hannuna."