Shifa'u da Kabewar Gwaggo

Gidan su Shifa'u yana Sharaɗa, a bayan wata masana'antar robobi. A can babanta yake aiki.

Kakarta Gwaggo ta shuka kabewa a bayan ɗaki. Daga ƙauyensu na Jigawa ta taho da irin, ƙulle a bakin zane.

"Wannan ta miyar taushe ce," in ji Gwaggo. "Sai ranar sunan abin da Ummanku za ta haifa."

Shifa'u gwanar kwaikwayo ce. Ta dafa ƙugu, ta maƙale murya. "Ta taushe ce, 'yan nan! Wanda ya taɓa ya sha ranƙwashi!"

"Ja'ira!" in ji Gwaggo. Ta bi ta da muciya tana dariya.

Kabewa ta yaɗu, ta yi fure ruwan ɗorawa. Kullum da safe ƙudan zuma suna cika wurin. Ran nan Shifa'u ta kai hanci za ta shinshina, ɗaya ya harbe ta a leɓe. Leɓen ya yi suntum.

"Yau kuma wa kike kwaikwayo? Raƙumi?" in ji ƙanenta Hanif.

Haushi ya kama ta. Ta ɗauko maganin sauro na Baba, ta feshe furannin kaf. Washegari ma ta ƙara. Ba wanda ya gan ta.

Ƙudan zuma suka daina zuwa. Fure ya buɗe, ya bushe, ya faɗi. 'Yan ƙananan kabewa suka riƙa zubewa tun suna kamar goro.

Gwaggo ta zauna ta yi tagumi. "Ga ganye har ganye, amma ba ɗa. Da me zan yi wa jikana miya?"

Wannan karon Shifa'u ba ta kwaikwaye ta ba.

A makaranta, Malama Sadiya ta zana babbar da'ira a allo.

"Wannan duniya ce," in ji ta. "Iska, ruwa, ƙasa da duk mai rai, a haɗe suke kamar gida ɗaya. Ruwan kwatarmu yana gangarawa kogin Chalawa. Daga nan ya bi ta Haɗeja, ya nufi Tafkin Chadi. Kifin can yana shan abin da muka zuba a nan."

Shifa'u ta ɗaga hannu. "Malama, shi ƙudan zuma fa? Ban da harbi me yake yi?"

"Shi yake kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. In babu shi, kabewa ba ta 'ya'ya."

Da aka tashi, Shifa'u ta tsaya ta faɗa wa Malama komai. Malama ta nuna mata dabara.

Da Shifa'u ta koma gida, ta durƙusa gaban Gwaggo. "Gwaggo, ku yafe mini. Ni na kori ƙudan zuman."

Gwaggo ta ce, "To, uwar ɓarna. Tunda kin kori ma'aikata, sai ki kama aikinsu."

Kullum da sassafe, kafin jiniyar masana'anta ta yi kuka, Shifa'u tana bayan ɗaki da gashin kaza. Ta shafo gari daga wannan fure, ta shafa a wancan mai ɗan ƙullutu a gindi. Bayanta ya yi ta ciwo.

"Saura ki yi buuu!" in ji Hanif.

Ta yi kuwa, har Gwaggo ta ƙware don dariya.

Shifa'u ta kuma ajiye wa ƙudan zuma ruwa a murfin kwano. Bayan kwana goma, ƙudan zuma suka fara dawowa.

Umma ta haifi mace. Ranar suna, kabewa uku manya aka yanka. Taushen Gwaggo har maƙwabta.

Ana cikin ci, ƙudan zuma ya sauka kusa da Hanif. Ya ɗaga silifa.

Shifa'u ta riƙe hannunsa. Ta dafa ƙugu, ta maƙale murya. "Kul, ɗan nan! Duk mai rai da aikinsa a duniya. In ka cutar da ɗaya, kowa ka cutar. Ka bar shi, shi ya yi mana miyar!"