Robar Ƙarƙashin Kujerar Auta

Hadari ya haɗo gab da magariba, Mama ta ce in hau sama in rufe tagar ɗakin Auta. Mama uwar mijina ce, Auta ƙaninsa. Wata biyu ke nan da rasuwarsa, kuma tun ranar ban taka ɗakin ba. Na ce to. Ban iya yi mata musu.

Auta yana da wata kujera da yake wasan tseren mota a kwamfuta. A ƙarƙashinta ya ɗaure wani ƙarfe mai kama da murfin tukunya. In motarsa ta faɗa rami sai kujerar ta girgiza, daɓe ya ɗauka, kwanukanmu su yi ta kaɗawa a ƙasa. Yana da asma. Mama kuma kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin kira, amma tana jin girgiza a tafin ƙafarta. In ya ƙure abin sau uku, ta san nemanta yake.

Ni ban san da wannan ba. Ni dai kaina yake sara min. Kunya ta hana in faɗa, don Auta abokin wasana ne. Sai na ce wa maigida, "Abin nan fa yana hana Mama hutawa."

Washegari ya yanko tsohuwar taya gida huɗu, ya cusa a ƙarƙashin ƙafafun kujerar. Gida ya yi tsit. Auta ya yi dariya ya ce, "Matarmu, yau Yaya ya saya wa motata takalmi."

Kwana tara bayan nan aka same shi a kujerar, maganin shaƙarsa ya ƙare, hannunsa a kan maɓallin ƙara girgizar, ya murɗe shi har ƙarshe. Ni da Mama muna ƙasa muna ninkin wanki.

Tun daga ranar maigida yana ganin ƙorafin Mama ne ya jawo. Mama tana ganin karambanin ɗanta ne. Gaisuwa kawai ke haɗa su. Ni kaɗai na san bakin da ya yi maganar.

Na tura ƙofa. Ɗakin yana warin ƙura da man zafi. Wayoyin duk a cire, an naɗe su a kan tebur. Na ja tagar, na sa sakata.

Sai na ji numfashi a bayana.

Siriri, mai shewa, kamar ana jan iska ta tsinke.

Na juya. Ba kowa. Amma kujerar tana rawa. Ba ƙara ko kaɗan, robar tana shanyewa. Katifar mazaunin ta lotsa, kamar da mutum a kai.

Ta yi sau uku. Ta tsaya. Ta sake sau uku.

Na ja da baya.

"Matarmu..."

Raɗa ce, dab da kunnena.

"Mama ba ta jina. Cire robar."

Na matsa kusa da kujerar. Na durƙusa. Robar da ɗumi, kamar fatar mai zazzaɓi. Na zare ta farko. Ta biyu. Wani sanyi ya kama wuyan hannuna, ya matse.

Na fizge ta uku da ta huɗu.

Gidan gaba ɗaya ya ɗauka. Kwanuka suka zube a ƙasa. Na ji muryar Mama, irin wadda ban taɓa ji ba.

"Na'am, Auta! Ga ni nan!"

Sanyin ya sake ni. Na yi waje da rarrafe, na gangaro matakala, na ci karo da ita tana hawowa ba ɗankwali.

Maigida da ya dawo ya ce mamaci ba ya dawowa, aljanu ne ke kwaikwayo. Wataƙila haka ne. Shatin yatsu huɗu dai ya yi mako a hannuna, kujerar kuma ba ta sake motsi ba.

A gabansu su biyu na faɗi gaskiya, sai da na ɗaga murya don Mama ta ji. Maigida ya dafa gwiwarta yana kuka. Ita kuma ta dube ni, sannan ta ce ta yafe.

Yanzu suna hira kamar da. Amma ba ta ƙara aika ni sama ba. Da kanta take hawa, da ciwon gwiwarta, matakala goma sha huɗu. In na miƙa hannu zan riƙe ta, sai ta kama bango.